Wane ne Jim Inhofe, sanatan Amurka da ya yi ta zarya a Afirka yana musanta ɗumamar yanayi?

A ranar 9 ga Yulin 2024 ne Jim Inhofe, tsohon sanatan jihar Oklahoma ta Amurka, ya mutu yana da shekara 89. Kwana biyu kafin mutuwarsa, sojojin Amurka sun kammala kwashe ya-nasu-ya-nasu daga sansaninsu da ke filin jirgin saman Yamai, bayan da mahukuntan sojin Nijar suka ce su fice daga ƙasar. Abubuwan biyu sun zo tare ne bisa katari, amma akwai abin da ya haɗa su. A cikin 'yan majalisar dokokin Amurka, da wuya a sami wanda ya kai Inhofe dagewa a kan cewa sojojin ƙasarsa su zauna a Afirka. Shi ne kuma ya fi kowa yin ƙaurin suna wajen cewa ɗumamar yanayi ƙarya ce, batun da ya shafi duk wani manomi da makiyayi da masunci daga Tawa har zuwa gaɓar Tafkin Chadi.

Mafi yawan masu sauraren labaran duniya a yankinmu sun san sunayen shugabannin Amurka, amma ba kasafai ake jin sunayen sanatoci ba. Tarihin Inhofe ya nuna yadda mutum guda daga jiha mai nisa, idan ya daɗe a majalisar dattawa ya riƙe kwamiti mai ƙarfi, yake iya taɓa rayuwar mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Daga Tulsa zuwa Washington

An haifi James Mountain Inhofe ranar 17 ga Nuwamban 1934 a birnin Des Moines na jihar Iowa, amma a Tulsa ta jihar Oklahoma ya tashi. Oklahoma jiha ce ta man fetur da iskar gas da kiwon shanu, mutanenta kuma akasari Kiristoci ne masu riƙon addini. Ya yi aikin soja na ɗan lokaci a 1957 da 1958, daga nan ya shiga harkar inshora da ta filaye da gidaje. Ya yi aure a 1959, suka haifi 'ya'ya huɗu. Digirinsa na jami'ar Tulsa sai a 1973 ya same shi, lokacin tuni yana cikin siyasa tsundum.

An fara zaɓensa ɗan majalisar dokokin jiha a 1966 a ƙarƙashin jam'iyyar Republican. A wancan zamani Oklahoma a hannun jam'iyyar Democrat take, don haka ya sha kaye fiye da sau ɗaya. Ya nemi gwamna a 1974, David Boren ya kayar da shi da rata mai yawa. Ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya a 1976, nan ma ya faɗi. A 1978 ya zama magajin garin Tulsa, ya riƙe muƙamin har 1984 da masu zaɓe suka juya masa baya. Bayan shekara biyu ya sake gwada sa'arsa, ya ci kujerar majalisar wakilai, ya nufi Washington a farkon 1987.

Abin da ya fito da sunansa a majalisar wakilai wani gyaran ƙa'ida ne da ba ya ɗaukar hankalin jama'a, amma yana da tasiri. A majalisar mai mambobi 435, shugaban kwamiti yana iya danne ƙudurin doka ya hana a kawo shi gaban zaure. Hanyar kuɓutar da ƙudurin ita ce mambobi 218 su sa hannu a takardar neman fito da shi. Sai dai a da sunayen waɗanda suka sa hannu a asirce suke, saboda haka ɗan majalisa yana iya gaya wa mutanen mazaɓarsa cewa yana goyon bayan doka, alhali ya ƙi sa hannun da zai ba ta damar wucewa. A 1993 Inhofe ya jagoranci fafutukar da ta sa aka fara bayyana sunayen.

A 1994 David Boren, wanda ya kayar da shi shekara ashirin baya, ya ajiye kujerarsa ta sanata domin ya shugabanci jami'ar Oklahoma. Inhofe ya tsaya a zaɓen cike gurbi, ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan addini da 'yancin mallakar bindiga da adawa da luwaɗi, ya kuma yi nasara. An rantsar da shi ranar da ya cika shekara 60. Daga nan ba a sake kayar da shi ba: ya ci zaɓe a 1996, 2002, 2008, 2014 da 2020, ya zama sanatan da ya fi kowa daɗewa a tarihin jiharsa.

Inda ƙarfin sanata yake

Majalisar dattawan Amurka tana da mambobi ɗari, biyu daga kowace jiha, komai yawan mutanenta ko ƙarancinsu. Oklahoma mai mutum kimanin miliyan 4 da California mai kusan miliyan 39 duk sanata biyu-biyu gare su, kuma wa'adinsu shekara shida ne. Wannan tsari ya bambanta da abin da aka saba gani a wasu ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, kamar Kamaru, inda shugaban ƙasa yake naɗa wani kaso na sanatoci. A Amurka shugaban ƙasa ba ya naɗa ko guda, ba ya kuma iya rusa majalisar.

Ainihin aikin a kwamitoci ake yin sa. Shugaban kwamiti ne yake tsara abin da za a tattauna, ya zaɓi waɗanda za a gayyato su ba da bahasi, ya kuma jagoranci rubuta ƙudurin da zai tafi zaure. Shugabancin yakan faɗa hannun wanda ya fi daɗewa a kwamitin daga jam'iyya mai rinjaye. Ke nan sanatan da jiharsa ba ta sauya shi yana tara ƙarfi a hankali, ko da ra'ayinsa ya saɓa wa na mafi yawan Amurkawa. Ta wannan hanya Inhofe ya shugabanci kwamitin muhalli da ayyukan raya ƙasa daga 2003 zuwa 2007, ya sake komawa daga 2015 zuwa 2017. Bayan mutuwar Sanata John McCain a watan Agustan 2018 kuma ya gaji shugabancin kwamitin harkokin soji, ya riƙe shi har farkon 2021.

Mene ne ra'ayin riƙau a wurinsa?

Idan aka ce ɗan siyasar Amurka mai ra'ayin riƙau ne, ana nufin yana son ƙarancin haraji da ƙarancin katsalandan ɗin gwamnati a harkar kasuwanci, yana son soja mai ƙarfi, yana kuma kare tsarin iyali da addini irin na mazan jiya. Inhofe yana can ƙarshen wannan layi. Ya yi adawa da zubar da ciki da auren jinsi. A 2006 ya gabatar da gyaran da zai ayyana Ingilishi a matsayin harshen ƙasa. Majalisar dattawa ta amince, amma dokar shige da ficen da aka liƙa gyaran a jikinta ba ta kai labari ba.

A harkar ƙasashen waje ma bai ɓoye matsayinsa ba. A watan Maris na 2002 ya tsaya a zauren majalisa ya jero dalilan da ya ce sun ba Isra'ila haƙƙin mallakar ƙasar da ake rikici a kanta, ya kuma ce mafi girmansu shi ne alƙawarin da Ubangiji ya yi a Littafi Mai Tsarki. A 2004, lokacin da hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi suka girgiza duniya, ya ce hayaniyar da ake yi a kan lamarin ta fi ɓata masa rai a kan abin da aka yi wa fursunonin. A shekarar da ta biyo baya yana cikin sanatoci tara kacal da suka ƙi goyon bayan gyaran da McCain ya kawo na haramta gallaza wa waɗanda Amurka ke tsare da su.

Duk da haka akwai wurin da ya rabu da 'yan uwansa masu ƙin kashe kuɗin gwamnati. Yana ganin tsaro da hanyoyi da gadoji aikin gwamnati ne na wajibi. Shi ya sa ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Sanata Barbara Boxer ta California, wadda ra'ayinta ya yi hannun riga da nasa a kusan komai, suka fitar da manyan dokokin gina hanyoyi, ciki har da ta Disamban 2015 mai kuɗi kusan dala biliyan 305 na tsawon shekara biyar. Sansanonin soja irin su Tinker da Fort Sill da ke jiharsa, waɗanda dubban iyalai ke ci daga gare su, su ma ya tsare musu kasafinsu.

Dunƙulen ƙanƙara a zauren majalisa

A watan Yulin 2003, yana shugaban kwamitin muhalli, Inhofe ya gabatar da wani dogon jawabi inda ya kira batun ɗumamar yanayi yaudara mafi girma da aka taɓa yi wa Amurkawa. Bai janye ba har ya bar majalisa. A 2009 ya tafi birnin Copenhagen, inda ake taron duniya kan sauyin yanayi, domin ya shaida wa mahalarta cewa majalisar dattawan Amurka ba za ta amince da dokar rage hayaƙi ba. Hakan kuwa aka yi. A 2012 ya fitar da littafi mai suna The Greatest Hoax, wato yaudara mafi girma.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru ne ranar 26 ga Fabrairun 2015. Masana sun riga sun bayyana 2014 a matsayin shekarar da ta fi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga. Sai Inhofe ya shigo zauren majalisa da dunƙulen dusar ƙanƙara a cikin leda, ya fito da shi ya nuna, ya ce ga shaida cewa sanyi ake yi a waje, sannan ya jefa shi. Masana suka amsa masa cewa sanyin rana guda a gari guda ba ya auna zafin duniya baki ɗaya, kamar yadda ruwan sama na kwana ɗaya ba ya nuna cewa damina ta yi kyau.

Hujjojinsa iri biyu ne. Ta farko ta tattalin arziki ce: dokokin rage hayaƙi za su tsauwala farashin makamashi su kashe ayyukan yi, musamman a jiha irin tasa. Masu sukarsa kuma suna nuni da cewa kamfanonin mai da gas na cikin manyan masu ba shi gudummawar yaƙin neman zaɓe. Ta biyu ta addini ce: Ubangiji ne yake juya yanayi, kuma girman kai ne ɗan Adam ya zaci zai iya sauya shi. Wannan magana tana iya yi wa mai imani daɗin ji, amma shugabannin addini da dama ba su bi ta ba. A shekarar da ya jefa ƙanƙarar, Paparoma Francis ya fitar da wasiƙa ta musamman a kan kare muhalli, malaman Musulunci daga ƙasashe daban-daban kuma suka taru a Istanbul a watan Agusta suka fitar da sanarwar da ta ɗora wa ɗan Adam alhakin ɓarnar da hannunsa ya jawo.

Tasirinsa ya wuce jawabi. Ya yaƙi alƙawarin dala biliyan 3 da Shugaba Barack Obama ya yi wa asusun duniya na taimaka wa ƙasashe matalauta su jure sauyin yanayi, kuma biliyan 1 kawai Obama ya iya biya kafin ya sauka. A watan Mayun 2017 yana kan gaba cikin sanatoci 22 da suka rubuta wa Shugaba Donald Trump suna neman ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris, abin da Trump ya sanar ranar 1 ga Yuni. Andrew Wheeler, wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin Inhofe, shi ne daga baya ya shugabanci hukumar kare muhalli ta Amurka. Afirka, wadda hayaƙin da take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, tana cikin waɗanda ke jiran irin kuɗin da ya toshe.

Zaryarsa a Afirka

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 Inhofe ya fara zuwa Afirka, ya kuma kai ziyara ƙasashen nahiyar fiye da sau ɗari. Ba siyasa ce ta fara kawo shi ba. Yana da alaƙa da wata ƙungiyar Kiristoci ta Washington da ke shirya taron addu'a na shekara-shekara da shugabannin Amurka ke halarta, kuma jagoranta Doug Coe ne ya ƙarfafa masa gwiwar zuwa. Kamar yadda shi kansa ya ba da labari, Janar Sani Abacha na Najeriya yana cikin shugabannin da ya fara ganawa da su. Ya sha cewa saboda Yesu yake waɗannan tafiye-tafiye. A 2008 wata jaridar jiharsa ta binciki kuɗin gwamnati da aka kashe a kansu, lamarin da ya tayar da muhawara a kan ko ya dace a haɗa aikin mishan da aljihun masu biyan haraji. Yana kuma da jika da iyalinsa suka ɗauko riƙo daga Habasha.

Wannan sanayya ta sa ya zama ɗaya daga cikin masu matsa lamba a kafa runduna ta musamman mai kula da Afirka. Kafin nan an rarraba nahiyar ne tsakanin rundunonin Amurka uku, ba wadda ta ɗauke ta da muhimmanci. An kafa AFRICOM a 2007, ta fara cikakken aiki a watan Oktoban 2008, hedikwatarta kuma tana Stuttgart a Jamus. A ƙarƙashinta ne aka gina sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas. Lokacin da 'yan bindiga suka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoban 2017 suka kashe sojojin Amurka huɗu da wasu na Nijar, wasu manyan sanatoci sun fito fili sun ce ba su san ƙasarsu tana da ɗaruruwan sojoji a Nijar ba. A farkon 2020, da sakataren tsaro Mark Esper ya fara nazarin rage sojoji a Afirka, Inhofe ya yi amfani da kujerarsa ta shugaban kwamiti ya nuna adawa, yana mai cewa janyewa za ta buɗe ƙofa ga 'yan ta'adda da China da Rasha.

Abota da shugabanni tana da nata tarko, kuma rikicin Kodebuwa ya nuna haka. Bayan zagaye na biyu na zaɓen 28 ga Nuwamban 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ƙungiyar CEDEAO da gwamnatin Obama duk sun amince cewa Alassane Ouattara ne ya ci. Inhofe, wanda ya san Laurent Gbagbo da matarsa Simone tun daga tarukan addu'a, ya tsaya kai da fata cewa maguɗi aka yi. Ya tashi a zauren majalisa ya zargi Faransa da mulkin mallaka, ya kuma jawo hankali ga kisan da mayaƙan da ke goyon bayan Ouattara suka yi a Duékoué. Kisan ya faru da gaske, amma ya kau da kai daga ta'asar da ɓangaren Gbagbo ya yi wa 'yan arewa da baƙi a unguwannin Abidjan. Mutum kimanin 3,000 suka mutu kafin a kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilun 2011. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta wanke shi a 2019, aka kuma tabbatar da hukuncin a 2021.

A batun Yammacin Sahara kuwa, ya ɗauki matsayin da ba a zata daga mai ra'ayinsa ba. Ya ziyarci sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya, ya kuma shafe shekaru yana neman a gudanar da ƙuri'ar raba gardamar da aka yi alƙawari tun tsagaita wutar 1991. Da Trump ya amince da ikon Maroko a kan yankin ranar 10 ga Disamban 2020, a madadin ƙulla hulɗar Maroko da Isra'ila, Inhofe ya soki matakin a bainar jama'a, ya ce an ba shugaban gurguwar shawara. A watan Fabrairun 2021 shi da Sanata Patrick Leahy na Democrat suka jagoranci wasiƙar neman Shugaba Joe Biden ya soke shi. Biden bai soke ba.

Ƙarshen aiki

Inhofe matuƙin jirgin sama ne tun yana matashi. A 1991 ya zagaya duniya da ƙaramin jirgi. A 2010 ya sauka a kan wata hanyar jirgi da aka rufe a Texas alhali ma'aikata na aiki a kanta, hukumar sufurin sama ta tilasta masa komawa horo, shi kuma ya rubuta dokar kare haƙƙin matuƙa da aka sa wa hannu a 2012. A Nuwamban 2013 ɗansa ya mutu a hatsarin jirgin da yake tuƙawa kusa da Tulsa. Uban bai daina tashi ba.

Duk da kasancewarsa na hannun daman Trump, sau biyu ya bijire masa a makonnin ƙarshe na wa'adinsa na farko. Da Trump ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar kasafin tsaro, Inhofe ya goyi bayan majalisa ta tsallake shi, ranar 1 ga Janairun 2021 kuwa sanatoci 81 suka yi hakan, 13 suka ƙi. Kwana biyar bayan nan ya ƙi shiga sahun masu ƙalubalantar nasarar Biden, ya ce yin haka saɓa wa rantsuwar da ya yi ne.

A Fabrairun 2022 ya sanar da cewa zai ajiye aiki kafin wa'adinsa ya cika. Abokan aikinsa daga jam'iyyun biyu suka sa sunansa a dokar tsaro ta shekarar kuɗi ta 2023, mai ɗauke da kusan dala biliyan 858. Ya sauka ranar 3 ga Janairun 2023, Markwayne Mullin ya gaje shi. Bayan wata bakwai sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, a watan Maris na 2024 suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, kuma a watan Agusta, wata guda bayan mutuwar Inhofe, aka miƙa musu sansanin Agadas.

AFRICOM tana nan tana aiki daga Stuttgart, muhawarar kuɗin sauyin yanayi kuma tana dawowa duk shekara idan majalisa ta zo kasafi. Mai son sanin inda Amurka ta dosa a kan Sahel yana da wuri biyu da zai duba bayan fadar White House: wanda ke shugabantar kwamitin harkokin soji na majalisar dattawa, da wanda ke riƙe da kwamitocin muhalli da na rabon kuɗi.